Ina Ikon Amintattu Ya Tsaya? Tambayar Da Dakatar Da Shugaban ACF Ta Tono A Kaduna

Ranar Laraba, 20 ga Nuwamban 2024, kwamitin zartarwa na Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa, wato ACF, ya zauna a Kaduna, inda hedikwatar ƙungiyar take a Titin Sakkwato. Zaman ya zo ne a daidai lokacin da ran Arewa yake a ɓace. Wata guda kafin nan jihohi da dama sun shafe kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Mando. A ranar 28 ga Oktoba gwamnonin Arewa da sarakuna sun haɗu a Kadunan, sun ƙi amincewa da sabon tsarin rabon harajin kayayyaki da ke cikin ƙudurorin da Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa. Ga kuma tsadar abinci da ta sa mutane gaba tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Sanarwar bayan taron ta caccaki manufofin tattalin arzikin gwamnati, wanda bai ba kowa mamaki ba. Abin da ya tayar da ƙura shi ne kalaman da kafafen labarai suka ruwaito daga bakin shugaban kwamitin zartarwar, babban lauya Mamman Mike Osuman, cewa Arewa za ta mara wa ɗan Arewa baya a zaɓen shugaban ƙasa na 2027.

Washegari Alhamis sai ga wata sanarwa ɗauke da sa hannun shugaban kwamitin amintattu, Alhaji Bashir Dalhatu, Wazirin Dutse, da babban sakataren ƙungiyar, Alhaji Murtala Aliyu. Sanarwar ta nesanta ACF daga kalaman, ta ce ra'ayin Osuman ne shi kaɗai domin bai shawarci sauran shugabanni da 'yan ƙungiya ba. Ta ce jagororin kwamitin amintattu da na kwamitin zartarwa sun dakatar da shi nan take, an kuma kafa kwamitin da zai yi bincike. Ba a jima ba aka sasanta, aka janye dakatarwar, Osuman ya koma kujerarsa.

Yawancin masu sharhi ta fuskar siyasa suka kalli lamarin: wa ke tare da gwamnati, wa ke adawa da ita. Amma akwai wata tambaya da ta fi wannan daɗewa, wadda kuma ta shafi duk wanda ya taɓa biyan kuɗin wata-wata a wata ƙungiya, ko ta tsofaffin ɗalibai ce, ko ta 'yan kasuwa, ko ta ci gaban unguwa. Waɗanda aka ɗora a matsayin amintattu, ina ikonsu ya fara, ina ya tsaya? Kuma wa ya ba su?

Yadda aka gina gidan

Sai an duba asalin ACF kafin a gane abin da ya sa tambayar take da nauyi a can. An haifi ƙungiyar ne daga taron da aka yi a Kaduna ranar 7 ga Maris, 2000, bisa kiran Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, makonni kaɗan bayan rikicin Shari'a da ya ci rayuka masu yawa a garin, kuma ba a cika shekara da komawar mulki hannun Obasanjo ba. Ƙungiyoyin dattawa uku aka haɗe wuri guda: Kwamitin Turaki na Alhaji Shehu Shagari, da ƙungiyar dattawan Arewa ta Alhaji Abdurrahman Okene, da gidauniyar haɗin kai da ci gaba ta Alhaji Sule Katagum. Janar Yakubu Gowon ya karɓi jagorancin iyayen ƙungiya. Tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Yusufu yana cikin shugabannin farko, haka ma Cif Sunday Awoniyi, Kirista Bayarabe ɗan Mopa da ya yi aiki da Sardauna, wanda ya jagoranci ƙungiyar har rasuwarsa a watan Nuwamban 2007. Daga baya irin su Ibrahim Coomassie da Audu Ogbeh suka riƙe kwamitin zartarwa, irin su Janar Jeremiah Useni da Malam Adamu Fika da Ambasada Shehu Malami suka riƙe na amintattu.

Ƙungiyar da aka gina da irin waɗannan mutane dole ta yi benaye da yawa, domin kowane babba yana bukatar mazaunin da ya dace da girmansa. Akwai iyayen ƙungiya, akwai amintattu, akwai kwamitin zartarwa da na gudanarwa, akwai rassan jihohi, sannan akwai babban taro. A zamanin lafiya wannan tsari albarka ne, don yana tara tsofaffin ministoci da janar-janar da sarakai da malaman jami'a a inuwa ɗaya, Musulmi da Kirista. Ranar saɓani ce ake gane cewa girma daban, iko daban. A al'adarmu wanda ya fi shekaru da sarauta shi ke yanke magana, kuma ba a tambayarsa hujja. A dokar ƙungiyoyi kuwa ba shekaru ake dubawa ba, abin da aka rubuta ake dubawa.

Abin da doka ta tanada

Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda aka fi sani da CAMA, ita ke kula da rajistar ƙungiyoyin addini da na al'adu da na ilimi da na taimakon jama'a. Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwarta ranar 7 ga Agustan 2020, ta maye gurbin ta 1990. Babin da ya shafi amintattu ya fara daga sashe na 823.

Da zarar Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ta ba da satifiket, amintattun ne ke zama fuskar ƙungiyar a gaban doka. Da sunansu ake riƙe fili da gini, da sunansu ake kai ƙara, su ake kai wa ƙara. Wannan ba ƙaramin matsayi ba ne, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Mutum ya ga sunansa a satifiket, takardar fili tana cikin durowarsa, hatimin ƙungiya yana hannunsa, sai zuciya ta raya masa cewa ƙungiyar tasa ce, shugabannin da aka zaɓa kuwa yaransa ne.

Dokar ba ta ce haka ba. Sashe na 837 ya ce ikon da aka ba amintattu za su yi amfani da shi ne a ƙarƙashin umarnin ƙungiyar, ko na majalisar gudanarwar da ƙungiyar ta naɗa. Sashe na 827 ya wajabta wa kowace ƙungiya ta rubuta a kundin tsarinta yadda ake naɗa amintattu, da ikonsu, da ayyukansu, da wa'adinsu, da yadda ake cire su, haka nan yadda ake naɗa 'yan majalisar gudanarwa da yadda ake sauke su. Gyaran kundin kansa sai da ƙudurin rinjayen 'yan ƙungiya da amincewar CAC. Canza amintacce ko ƙara wani sai da ƙudurin babban taro, a buga a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Dukiyar ƙungiya kuma ba a raba ta a matsayin riba, sai dai a kashe ta a kan manufofin da aka kafa ƙungiyar dominsu.

Idan aka haɗa waɗannan, hoton a fili yake. 'Yan ƙungiya su ne masu gida. Su suke rubuta kundi, kundin ne yake raba iko. Idan kundin wata ƙungiya ya ba amintattu ikon ladabtar da zaɓaɓɓen shugaba, to suna da shi, gwargwadon yadda aka rubuta, ta hanyar da aka rubuta. Idan bai ba su ba, furfura ba za ta ba su ba, kyakkyawar niyya ma ba za ta ba su ba.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci babin wakilci da na waƙafi ya san cewa wakili ba ya wuce abin da aka wakilta shi a kai, mai kula da waƙafi kuma ɗaure yake da sharaɗin wanda ya bayar. Mai riƙon dukiyar maraya yana iya fin marayan hankali da sanin duniya nesa ba kusa ba, amma hakan bai mayar da dukiyar tasa ba.

Jagorori ko kwamiti?

A sanarwar 21 ga Nuwamba akwai abin da ya kamata mai lura ya tsaya a kai. An jingina hukuncin ne ga jagororin kwamitocin biyu. Shugaban kwamiti ba shi ne kwamitin ba, babban sakatare ma ba shi ne kwamitin zartarwa ba. Kwamiti yana magana ne idan an aika wa kowane ɗan kwamiti takardar gayyata, adadin da kundi ya gindaya ya halarta, aka tattauna, aka tsayar da matsaya, aka rubuta. Mutum biyar su yi waya da juna da daddare su yarda a kan abu, ko da su ne mafiya daraja a ƙungiyar, shawara suka yi, ba zaman kwamiti ba.

Kotunan Najeriya sun sha nanata wannan, kuma shari'ar Bernard Longe ta isa misali. A 2002 hukumar daraktocin First Bank ta dakatar da shi daga kujerar manajan darakta kan wani makeken bashi da aka bayar don sayen kamfanin NITEL, sannan ta zauna ta sallame shi ba tare da an aika masa da gayyatar zaman ba. Bankin ya kafa hujja da cewa ai dakatacce ne. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce dakatarwa ba ta cire shi daga darakta ba, don haka hakkinsa ne a gayyace shi, kuma zaman da aka yi ba da saninsa ba ya rushe tare da hukuncin da aka yanke a cikinsa. Kotun ba ta ce bashin daidai ne ba. Hanyar da aka bi ta duba. Shekara takwas banki yana ganin ya gama da mutum, ashe takardar gayyata guda ɗaya ta warware komai.

Kafin wannan akwai shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri. Bayan tarzomar ɗalibai ta 1983 jami'ar ta kori wasu, bisa rahoton kwamitin da mataimakin shugaban jami'ar ya jagoranta, alhali shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar. Ba a hukunta mutum ba a saurare shi ba, kuma wanda aka yi wa laifi ba ya zama alƙali.

Adalci ne a faɗi cewa lauyoyi suna bambanta dakatarwar wucin gadi domin a yi bincike da dakatarwar da take hukunci ce, kuma sanarwar ACF ta ambaci kwamitin bincike. Sai dai a ƙungiyar da babban jarinta mutunci ne, wannan bambanci yakan zama siriri ƙwarai. Babban lauya ya wayi gari ya ji a rediyo cewa an dakatar da shi, kwana ɗaya bayan ya jagoranci taro, to a idon jama'a an riga an yanke hukunci, duk abin da kwamitin bincike zai gano daga baya.

In ɓera da sata

Ba zan ce amintattu ba su da abin damuwa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. ACF ta daɗe tana bayyana kanta a matsayin ƙungiyar da ba ta bin jam'iyya, kuma a cikinta akwai 'yan APC da 'yan PDP da waɗanda ba ruwansu da kowace. Akwai kuma masu ganin ya kamata a mutunta fahimtar karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa. Idan har shugaba ya faɗi abin da za a ɗauka matsayin ƙungiya ne kan zaɓen da ya rage fiye da shekara biyu, ba tare da an zauna an tsayar da shi ba, to shi ma ya taka iyakar da ake magana a kanta. Kujerar shugaba ba lasisin magana da yawun miliyoyin mutane ba ce. Bakinsa na ƙungiya ne a kan abin da ƙungiya ta yanke, sauran kuwa ra'ayinsa ne, ya kamata kuma ya ce ra'ayinsa ne.

To amma maganin wuce iyaka ba shi ne wata wuce iyakar ba. Nesanta ƙungiya daga kalaman abu ne da za a iya yi cikin awa guda, kuma ba wanda zai ga laifi. Taɓa kujerar shugaba kuwa wani mataki ne daban, mai bukatar a nuna sashen da ya ba da iko, a kira zama, a ba shi takardar tuhuma, a ji ta bakinsa. A ganina inda aka haɗa matakan biyu a takarda ɗaya, nan aka buɗe ƙofar zargi. Jama'a da dama suka fassara lamarin da cewa an hukunta shi ne don ya taɓa gwamnati, ƙungiyar da ta fito kare sunanta sai ta koma tana kare kanta daga wani zargin da ya fi na farko muni.

Sulhun da ya biyo baya abin yabo ne, kuma shi ne ƙarfinmu. Dattawa su shiga tsakani, a yafi juna, a ci gaba da zumunci. Illarsa ɗaya ce: sulhu yana gyara tsakanin mutane, amma ba ya gyara takarda. Idan ba a koma an fayyace wa ke da ikon me ba, tambayar tana nan kwance, tana jiran wasu mutanen da wata ranar.

Kaduna ta san wannan ciwo tun kafin ACF. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta dare gida biyu a farkon shekarun 1990, ɓangaren Jos da ɓangaren Kaduna. Daga cikin dalilan da masu nazarin tarihinta suka kawo akwai saɓani kan wa ke da kalmar ƙarshe tsakanin shugabancin majalisar malamai da na iyayen ƙungiya. Sai a 2011 aka yi shelar haɗewa, bayan kusan shekara ashirin.

Daga Titin Sakkwato zuwa cikin unguwa

Abin da ya faru a ACF ya shiga jarida ne don manya ne. Irinsa kuwa kullum yana faruwa a Kawo da Unguwar Rimi da Malali da Badarawa da Unguwar Sarki, ba mai ji. Matasa su kafa ƙungiyar ci gaban unguwa, lokacin rajista ya zo, a ce ana bukatar amintattu. Sai a je wurin mai unguwa da liman da wani alhaji mai hali a roƙe su su ba da sunayensu don albarka. Kundin tsari kuwa a karɓo na wata ƙungiya a shagon kwamfuta, a canza suna, a miƙa. Ba wanda ya karanta. Shekaru su wuce, ƙungiya ta samu fili, ta gina makarantar Islamiyya ko shaguna, kuɗi su fara shigowa. Ranar da aka yi saɓani, sai amintattu su ce sun rusa shugabanci sun naɗa kwamitin riƙo, ko kuma zaɓaɓɓun shugabanni su sayar da fili ba da sanin waɗanda sunansu ke kan takarda ba. Kowane ɓangare ya wuce gona da iri, kuma kowanne yana rantsuwa cewa ƙungiya yake karewa.

A irin wannan zama da wuya ka ji wani ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, Baba, wane sashe ne ya ba ku wannan ikon?” Za a ce yaron ba shi da kunya. Ni kuwa ina ganin babu tambayar da ta fi wannan kare mutuncin dattijon kansa, domin ita ce za ta hana shi sa hannu a kan abin da gobe kotu za ta yi watsi da shi a gaban 'ya'yan cikinsa.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne amintattu na har abada. Kundi da yawa ba su sa musu wa'adi ba, sai mutuwa ko murabus. Shugabannin zartarwa suna zuwa suna tafiya duk bayan shekara uku ko huɗu, amintattu suna nan. A hankali sai wanda ba a zaɓe shi ba tun shekara ashirin ya fi wanda aka zaɓa jiya ƙarfi. Babban taro kuma, wanda shi ne mai gayya mai aiki, a yi shekaru ba a kira shi ba, wai babu kuɗin haya da abinci. Duk ƙungiyar da ta daina kiran babban taro ta miƙa kanta ga 'yan tsiraru, ko da kuwa mutanen kirki ne.

Gwamnati ta taɓa yunƙurin shiga wannan fage. Sashe na 839 na dokar 2020 ya ba CAC damar dakatar da amintattu da naɗa masu riƙon ƙwarya idan an samu almundahana ko rashin iya gudanarwa, ya kuma buɗe hanyar kai koke gaban kotu ga kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙungiya. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, da ƙungiyoyin farar hula da dama suka yi masa ca, suna ganin hanya ce ta sa wa majami'u da masallatai da masu sukar gwamnati linzami. A 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a James Omotosho, ta ce sashen da wasu makamantansa sun ci karo da 'yancin kafa ƙungiya da sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar. Na fahimci tsoron masu adawa da sashen, kuma ina tare da su a kan cewa bai dace jami'in gwamnati ya zama mai naɗa wa ƙungiya shugabanni ba. Amma wanda ya ce kada gwamnati ta shigo masa gida, ya ɗauki nauyin tsawatar wa nasa da kansa. Kotuna ma ba sa son shiga harkar cikin gidan ƙungiya, sai inda aka karya kundinta ko aka tauye hakkin wani.

A watan Nuwamban 2025 ACF ta yi bikin cika shekara 25 a Kaduna, inda aka ƙaddamar da asusun tallafa wa ci gaban Arewa. Ƙungiyar da ta fara tara dukiya da sunan al'umma ta fi kowa bukatar iyakoki bayyanannu, domin saɓanin da aka yi a kan kalamai mai sauƙi ne idan aka kwatanta da wanda ake yi a kan kuɗi. Wa ke sa hannu a cek, wa ke amincewa da kashewa, wa ke duba littafi, wa ake kai wa rahoto, wa zai iya dakatar da wa: duk wannan ya kamata ɗan reshen Taraba ko na Kwara ya iya buɗe takarda ya gani da idonsa.

Kirana ga shugabannin ACF, amintattu da masu zartarwa baki ɗaya, shi ne su wallafa kundin tsarin ƙungiyar inda kowa zai same shi, da Turanci da Hausa, su kai duk sashen da ke da harshen damo gaban babban taro a fayyace shi tun ana zaman lafiya. Kai kuma mai karatu, idan kana cikin wata ƙungiya, ka nemi kwafin kundinku wurin sakatare kafin zama na gaba, ka duba wa'adin amintattunku da ranar da aka yi babban taro na ƙarshe. Idan an wuce lokaci, ku haɗu ku rubuta takarda ku nemi a kira shi.